Wasiƙar Ƙauye Guda da Na Ƙirga Mutum Ɗaya

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da ke cikin takarda tun ba a farke ambulan ba.

Kwanan baya a wajen wani suna a garin Mitchellville, kusa da Washington, wani saurayi ɗan abokina ya zauna kusa da ni da farantin shinkafarsa, ya tambaye ni aikin da na yi kafin ritaya. Na ce ni akawun karɓar ra'ayin jama'a ne a wani ofishin gwamnatin tarayya da ke unguwar Southwest a Washington, shekara ashirin da shida. Ya ce mene ne kuma wannan? Na ce wasiƙa ta zo, in buɗe, in buga mata hatimi, in ba ta lamba, in rubuta abin da ta ce a taƙaice. Yaron nan ya yi dariya har da ajiye cokali.

"Haba Baba! Ai wayata ma za ta gama wannan kafin in cinye naman nan."

Na ƙyale shi, don gidan suna ba wurin faɗa ba ne. Amma tun ranar maganar take cina, shi ya sa na zauna na rubuto muku wannan, shi da ire-irensa da suka taso a ƙasar nan ba su san yadda ake mulkin wasu mutane a cikinta ba.

Ƙasar nan tana da tsibirai can tsakiyar teku waɗanda ba jihohi ba ne, ba kuma ƙasashe masu 'yancin kansu ba. Suna zaɓen gwamnansu, suna da 'yar majalisarsu, tutarsu tana tashi kusa da ta Amurka. 'Ya'yansu suna shiga soja, wasu a akwati ake mai da su gida. Amma ba sa zaɓen shugaban ƙasa. Wakilin da suke turowa majalisar tarayya an ba shi kujera da ofis, yana tashi ya yi magana, amma in an zo ƙuri'ar ƙarshe a kan doka, hannunsa ba ya cikin ƙirga. Su kuwa ma'aikatun gwamnati, a nan Washington suke zama su rubuta ƙa'idojin da za su hau kan ruwan tsibiri da ƙasarsa. Abu ɗaya doka ta tilasta musu: kafin ƙa'ida ta fara aiki, a sanar da ita, a ba jama'a lokaci su rubuto ra'ayinsu. Mutumin jiha in bai ji daɗi ba yana da sanata, yana da ƙuri'a, yana da inda zai kai kuka. Mutumin tsibiri kusan wannan 'yar ƙofar ce kaɗai gare shi. Ni kuma ni aka zaunar a bakinta.

Ba zan kira sunan ofishin ba, ba zan kira sunan tsibirin ba. Mutanen suna raye.

Aikina na farko wasiƙar wata gwauruwa ce a kan tankin ruwan sama. Wadda ta koya mini aikin, Madam Odessa, baƙar fata ce 'yar Kudu, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ta miƙo mini wasiƙar ta ce in taƙaita. Na karanta, na rubuta layi ɗaya na kai mata. Ta leƙa ta saman tabarau ta dawo mini da ita. Na sake, ta sake dawowa da ita. A karo na uku ne na lura ashe a bayan shafin ƙarshe, ƙasan sa hannu, matar ta ƙara layi biyu da fensir, kuma duk abin da ya sa ta rubuto yana cikin layi biyun nan.

"Mista Habu," in ji Madam Odessa, "lauya a layin farko yake faɗin buƙatarsa. Mutanen nan kuwa sai sun gama gaishe ka, sun gaishe da iyalinka, sun gode wa Allah. In ka gaji a shafin farko, ka tashi ka ba wani kujerar."

Malamin da ya koya mini rubutun ajami a Zariya yakan sa mu sake kwafar shafi guda saboda ɗigo ɗaya da ya ɓace. Na ɗauka na baro wannan horon a gida, sai ga shi na tarar da shi a Southwest sanye da siket da takalmin roba.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai wuƙar farke ambulan, da hatimi mai buga rana da awa, da safar hannu ta auduga, da wata 'yar siririyar wuƙar ƙashi. Ita wannan ta ƙarshe ta zama dole ne tun lokacin da aka tsorata da guba a cikin wasiƙu, aka fara kai duk wasiƙar ofisoshin gwamnati wani wuri ana gasa ta da haske kafin ta iso mana. Takarda takan zo ta yi rawaya, ta bushe kamar ɓawon albasa, tawada ta narke ta manne shafi da shafi. Sai ka sa wuƙar ƙashin a kusurwa kana bi a hankali, kana riƙe numfashi. Shafi biyu kan ci rabin awa. Ta imel ba ta da wannan wahala, amma tsofaffin tsibiri ba sa yarda da maganar da ba ta da sa hannu.

Bayan hatimi da lamba sai fom. Fom ɗin yana da gida uku: mutum ɗaya, ƙungiya, hukuma. Dokar ofis ita ce, takardar da ba ta da tambari a kai ko hatimin hukuma, mutum ɗaya ce. Sai ka nuna ko goyon baya take ko adawa, sannan layi ɗaya na taƙaitawa. Daga waɗannan layukan ake haɗa rahoton da ke hawa sama wurin manya. Manyan ba sa ganin wasiƙa. Layina suke gani. To ku gaya mini wace waya ce za ta ɗauki wannan alhaki ranar da za a tambaya.

Mummunar shekarar ta zo ne 'yan watanni bayan Madam Odessa ta yi ritaya, ba a kuma kawo kowa a madadinta ba. Ofishinmu ya fitar da ƙa'idar hana kamun kifi gaba ɗaya a wani yanki na teku da ke kewaye da ɗaya daga cikin tsibiran, don kare duwatsun murjani da kunkurun ruwa. Ban ce kare halittar Allah laifi ba ne. Amma ƙungiyoyin da ke nan cikin jihohi suka buga kati iri ɗaya, magana iri ɗaya, mutum ya sa hannu kawai ya jefa a akwatin gidan waya. Bulus, mutumin Pankshin da ke ɗakin rarraba wasiƙu, shi ke turo mini su a amalanke kullum da safe.

"Malam, masoyan kunkuru sun sake gaishe ka," in ji shi. "Kwali uku yau."

"Allah ya shirye ka, Bulus. Ajiye can."

"Wallahi rabinsu ko kududdufi ba su taɓa shiga ba. Duba wannan, daga jihar da ko kogin kirki babu."

"Lamba zan ba shi, ba iyo zan koya masa ba."

Kowane kati lamba ɗaya, gida ɗaya, goyon baya. Hannuna ya riƙa bugawa har ya daina jiran kaina.

Ran wata Laraba, a tsakiyar kwali, na ci karo da ambulan mai ruwan ƙasa daga tsibirin. Shafi huɗu ne, rubutun hannu mai kyau. Na farko da na huɗu sun rabu, na biyu da na uku sun manne kamar da danƙo. Lauyan da ke kula da ƙa'idar ya riga ya leƙo sau biyu yana cewa Juma'a yake son rahoto. Na karanta shafin farko: godiya ga Allah, gaisuwa ga shugaban ƙasa da iyalinsa, gaisuwa ga ma'aikata. Na juya na huɗu: roƙon kada a rufe, sai sa hannun mutum ɗaya. Babu tambari, babu hatimi. Wuƙar ƙashin tana nan gefen hannuna na dama, ban ɗauke ta ba. Na cika fom: mutum ɗaya, adawa. Na rubuta, "Yana adawa saboda al'ada." Na wuce kan kati na gaba.

Gwamnan tsibirin ma ya rubuto, da tambarinsa da komai. Shafi biyu na ladabi, yana roƙon a riƙa tuntuɓarsu. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ban zarge shi ba, mutumin da kowace shekara sai ya zo garin nan yana bin ofis-ofis don a gyara masa asibiti da tashar jirgin ruwa. Wakilinsu ya yi magana a wani kwamiti, na gani a talabijin ɗin ɗakin cin abinci, kujerun da ke bayansa wayam. Rahoto ya hau sama: dubbai suna goyon baya, 'yan ƙalilan suna adawa. Aka rufe ruwan.

Bayan kamar wata biyar Bulus ya shigo ba amalanke, ba kuma wasa a fuskarsa.

"Malam, akwai wata nas da ke aiki tare da matata. 'Yar tsibirin nan ce, a nan kusa, garin Clinton, take zaune. Tana so ta ga wasiƙar babanta. Na ce mata doka ta ba ta dama."

Sunanta Malia. Ta zo cikin kayan asibiti, daga aiki take. Na kawo fayil ɗin ɗakin da jama'a ke karatu na ajiye a gabanta. Ta ɗaga shafin tsakiya, ta ga yadda yake a manne. Ta duba fom ɗin da na cika.

"Wa ya rubuta mutum ɗaya?"

"Ni ne."

"Kwana uku aka yi ana zama a kan takardar nan. Kowane mai gida ya yi magana. Mata sun yi nasu zaman sun aiko da bakinsu. Babana shi ne dattijon ƙauye, shi kaɗai ke sa hannu, don a wurinmu rashin kunya ne wani ya jera sunansa da nasa, ko ya tsallake shi ya rubuta wa hukuma. Ƙauyen gaba ɗaya ne a nan." Ta dube ni. "Bulus ya ce kai ɗan Afirka ne. Ku ba ku da irin wannan?"

Muna da shi mana. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa rubuta wa hukuma da sunansa ba. Mai unguwa ake samu a zaure, a yi magana, shi ya kai. Da Bature ne ya yi wannan kuskuren da na ce bai sani ba. Ni na sani.

Na sa safar hannu, na ɗauko wuƙar ƙashi, na raba shafukan a gabanta. Minti ashirin da wani abu ya ɗauka. Abin da ke ciki shi ne: akwai wani mashigi a tsakanin duwatsun murjani, inda wani ƙaramin kifi ke shigowa sau ɗaya a shekara, na 'yan kwanaki. Yana zuwa ne bayan cikar wata, a wani lokaci na shekara, amma wata shekarar a watan farko na lokacin, wata shekarar a na biyu. Dattijo ke gane wanne ne, ta furen wata bishiya da launin ruwa, shi ke ba da izinin tura kwale-kwale. Ba a sayar da kifin, gida-gida ake rabawa, har da gidan da ba shi da mai fita teku. Ba su ce kada a kare murjani ba. Waɗannan kwanakin kaɗai suka roƙa a bar musu.

Washegari na hau bene wurin lauyan da shafukan a cikin leda.

"Habu, ka kwantar da hankalinka," in ji shi. "Wannan ba zaɓe ba ne. Ba ƙirga kawuna muke yi ba, hujja muke dubawa."

"In ba ƙirga kuke yi ba, me ya sa lambobi ne a layin farko na rahoton?"

"Haka aka saba tsara shi."

"To ga hujjar. Ba ku gan ta ba, don ban buɗe ta ba."

"An riga an buga ƙa'ida. Cika takardar gyara, ka sa a fayil."

"Wa zai karanta?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Za a sake duba ƙa'idar nan da 'yan shekaru. Su rubuto a lokacin."

Su rubuto a lokacin! Mutumin da in ya ga dama gobe zai kira ofishin sanatansa a kan ramin da ke titin gidansa, shi ke cewa ƙauye guda ya jira shekaru. Na cika takardar gyara. Tana nan a fayil har yau, na tabbata ba wanda ya taɓa ta bayana.

Da lokacin sake dubawa ya matso, Malia ta same ni a gidan Bulus a Clinton wata Lahadi da la'asar. Ta ce in gaya mata gaskiya, yaya ake yi a ji mutum a ofishinmu? Na gaya mata abin da na sani. Kowa ya rubuta da sunansa, ambulan ɗinsa daban, kada ya wuce shafi ɗaya, buƙata a layin farko, ban da doguwar gaisuwa.

Bulus ya ajiye kofin shayinsa. "Malam, wato su tsallake tsohon ke nan."

"Su tsallake shi ko a sake ƙirga su mutum ɗaya. Zaɓi biyu ne, ba ni na tsara ba."

"Ka san abin da ke faruwa da gari in yara sun gane ana iya yi ba tare da babba ba?"

"Na sani, Bulus. Kana da wata hanyar?"

Ya sake ɗaukar kofin shayinsa. Malia ta ɗauki hutu ta tafi gida da maganar. Ta ce mahaifinta ya yi mako biyu bai amsa ba. Daga baya ya tara mutane ya tashi tsaye ya ce kowa ya rubuta, har matasa, har mata. Shi kam ya ce ba zai sake rubutawa ba, don ya yi magana sau ɗaya ba a amsa masa ba, kuma dattijo ba ya maimaita kansa a ƙofar da aka yi masa shiru.

Wasiƙu suka zo, ɗaruruwa. Wannan karon ba shafin da ban raba ba, ko da zai kai ni bayan tashi. Gajeru ne kamar yadda na ce: a buɗe mana mashigi. Na ɗauko kwafin tsohuwar wasiƙar dattijon na sa a sabon fayil, aka cire, aka ce akawu ba shi da ikon ƙara takarda, abin da jama'a suka aiko a wannan zagayen kaɗai ake dubawa. Malia ta yi bayanin cikar wata da furen bishiya a tata wasiƙar, na kuwa rubuta shi dalla-dalla, na ci layi huɗu a inda aka ba ni ɗaya. Ya fito a shafi na goma sha ɗaya na rahoton. A shafin farko lambobi ne, kuma wannan karon lambobin sun yi musu kyau.

Aka amince. Za a buɗe mashigi kwana bakwai a shekara. Amma masu rubuta ƙa'ida suka ce jami'in sintiri yana buƙatar rana tsayayya a kalanda, ba zai yi aiki da furen bishiya ko da bakin wani tsoho da ba ya cikin tsarin gwamnati ba. Sai suka ɗauki makon da kifin ya zo a shekarar da wani mai bincike ya ziyarci tsibirin, suka kafe shi. Na sake hawa bene. Aka ce mini, "Habu, sun samu abin da suka nema. Me kuma kake so?" Har kek aka yanka a ofis.

A shekarar da na yi ritaya Malia ta kira ni da hantsi, ina cikin lambun bayan gida. Muka gaisa, na tambayi mahaifinta, ta ce yana nan, ƙafa ce dai ta yi nauyi. Sannan ta ba ni labari. Makon da aka ba su ya zo, dattijo ya dubi bishiya ya ce ba yanzu ba. Matasa suka ce takarda ta ce yanzu, suka tura kwale-kwale ba tare da izininsa ba, abin da ba a taɓa yi ba. Kwana bakwai suna fita suna dawowa da taru a jiƙe, ba komai a ciki. Wata na gaba ya cika, kifi ya shigo har ruwan mashigi ya yi baƙi. Jirgin sintiri yana tsaye a bakin duwatsu. Mutane suka jeru a gaɓa suna kallo. Samari biyu suka kasa haƙuri suka shiga, aka ƙwace musu taru. Kwana huɗu kifin ya yi ya koma.

"Ya ba ni saƙo in kawo maka," in ji ta. "Ya ce ba faɗa ba ne, tambaya ce. Ya ce a ofishin naku, wane ne aka ɗora wa duban wata? Yana so ya san sunansa, ya aika masa da gaisuwa, su riƙa shawara."

Na ce mata babu kowa. Na ce ɗakin da na yi shekara ashirin da shida a ciki ma a ƙarƙashin ƙasa yake, ko taga ba shi da ita.

Ta ce to, za ta gaya masa haka.

Allah ya yafe mana abin da hannuwanmu suka rubuta, da abin da suka bari a manne.